Mambiren ɗin RO ya toshe bayan an canja kayan wanki, wa ya taɓa gani?

Sani_MaiTace:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawararku kan wata matsala da ta hana ni sakat mako uku ke nan. Ni ke kula da ƙaramar matatar ruwa ta wani otal a nan Kaduna. Ruwan da ke fitowa daga ɗakin wankin zannuwan gado da tawul muke tarawa, mu tace, mu mayar wa injinan wanki da banɗakuna. Daga tankin da datti ke kwantawa sai matatar yashi, sai UF, wato matata mai ƙananan ƙofofi ƙwarai, sannan RO, wato matatar da ake tura ruwa da matsi ya ratsa wata siririyar fata da ake kira mambiren, ya bar gishiri da datti a baya. Shekara ɗaya da rabi muna aiki lafiya lau. Da RO ɗin na ba mu lita 1,000 a awa, yanzu da ƙyar muke ganin 600, ko na ƙara wa famfo matsi. Na wanke da sitirik asid har sau biyu, ko gezau. Abin da na san ya canja shi ne masu wanki sun fara zuba ruwan laushin kaya a ɗauraya ta ƙarshe, sannan an kawo sabon maganin goge ƙasa mai kashe ƙwayoyin cuta, ragowarsa kuma magudana ɗaya yake bi da ruwan wanki. Shin sabulu na iya toshe mambiren? Ni dai a sanina sabulu wanke datti yake yi, ba kawo shi ba.

BabanIkram_PureWater:
Wa alaikumus salam. Malam Sani, kafin ka ɗora wa sabulu laifi ka duba ruwan bohol ɗinku. Shekarata tara ina harkar ruwan leda, duk sanda RO ya yi mini haka, ɓawon kalsiyam ne. Ka buɗe gidan mambiren ka shafa hannu a bakinsa, in ka ji gari-gari fari kamar alli, shi ne.

Injiniya_Halima:
Baban Ikram, da ɓawon kalsiyam kabonet ne, da asid ɗin da ya wanke da shi ya ɗan dawo da ruwan, ko da rabi ne. Ya ce sau biyu ya yi bai ga komai ba. Wannan kaɗai ya sa hankalina ya koma kan ruwan laushin kayan nan da maganin goge ƙasa.

Malam Sani, bari in yi maka bayani dalla-dalla, don abin da ka tambaya shi ne aikina na yau da gobe. Omo, sabulun ruwa, shamfu, ruwan laushin kaya, dukkansu akwai wani sinadari a ciki da muke kira safaktan. Kowace ƙwayarsa tana da kai da jela. Kan yana son ruwa, jelar kuwa gudun ruwa take yi, maiƙo take nema. Da haka yake wanki: jela ta kama maiƙo, kai ya ja shi cikin ruwa. To amma kan nan ba iri ɗaya ba ne. Na omo galibi cajin lantarki na negatif gare shi, irin safaktan ɗin da ake kira LAS da SDS. Na ruwan laushin kaya fozitif ne, haka ma benzalkoniyam kuloraid da ake sa wa magungunan goge ƙasa da yawa. Akwai kuma marasa caji kwata-kwata.

Fatar mambiren ɗin RO da kusan kowa ke amfani da ita yanzu da foliyamaid aka yi ta, wani nau'in roba, kuma a ruwa mai pH wajen 7 (pH ma'aunin tsamin ruwa ne, 7 shi ne tsaka-tsaki) cajin negatif ne a fuskarta. Ka ga ke nan in safaktan mai fozitif ya iso, kamar ƙarfe da maganaɗisu ne. Kai ya manne wa fatar, jela ta miƙe ta fuskanci ruwa. Fuskar da a da ke karɓar ruwa sai ta koma mai ƙin sa, sauran maiƙo da datti kuma su samu wurin kamawa. Ba wai wani abu mai kauri ne ya taru ya toshe ba, shimfiɗa ce siririya da ido ba ya gani, amma ta isa ta karya maka fitar ruwa. Kamfanonin da ke ƙera mambiren suna rubutawa ƙarara a littafin aikinsu cewa a nisanta shi da safaktan mai fozitif, domin sau da yawa ruwan da aka rasa ba ya dawowa.

Sani_MaiTace:
Na gode Hajiya, Allah ya ƙara ilimi. Amma akwai UF a gaba fa. Ba shi ya kamata ya tare ba?

Injiniya_Halima:
Ba zai tare ba. Ƙofofin UF tsakanin maikiron 0.01 ne zuwa 0.1 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Ƙwayar SDS guda nauyinta dalton 288 ne kacal (dalton ma'aunin nauyin ƙwayar sinadari ne), UF kuwa abin da ya kai dubun-dubatar dalton yake riƙewa. Kamar ka zuba gishiri a rariyar tankaɗen tsaki ne. Wucewa zai yi ya je ya tarar da RO.

dalibi_Samaru:
Hajiya a ba ni dama in ɗan ƙara. A ɗakin gwaji mun ga ba kullum yake wucewa ba. Idan safaktan ya yi yawa a ruwa har ya kai wani mataki da ake kira CMC, ƙwayoyin sai su dunƙule, jela a ciki kai a waje. Dunƙulen shi ne misel. Na SDS yakan ƙunshi ƙwaya wajen 60, kuma matakin yana wajen milimol 8 a lita, wato kusan giram 2.4, a ruwa mai tsabta. Na CTAB, wani safaktan mai fozitif, bai ma kai milimol 1 sosai ba. UF mai matsattsun ƙofofi na iya riƙe misel. Har wata dabara aka gina a kan haka a Jami'ar Oklahoma ta Amurka a shekarun 1980, su Scamehorn da Christian, inda da gangan ake zuba safaktan don misel ya kama ƙarafa masu guba sannan UF ya tare su gaba ɗaya.

Injiniya_Halima:
Gaskiyarka ɗalibi, madalla. Sai dai ka tuna ko an haura CMC, akwai ƙwayoyin da ba su shiga dunƙule ba, yawansu kusan daidai da CMC ɗin ne, kuma su ne ke tsallakewa. Ga RO, kaɗan ma ya isa.

Garba_Challawa:
Ni ina da ja a kan maganar nan. Ruwan wanki ai omo ya fi yawa a ciki nesa ba kusa ba. Ruwan laushin kaya murfi ɗaya ko biyu ake zubawa. In negatif ya haɗu da fozitif a tanki ɗaya, ai sun kashe juna tun kafin su je ko'ina. Ta ina mai fozitif zai tsira har ya kai RO?

Mallam_Issoufou_Maradi:
Malam Garba, sun kama juna kam, amma ba ɓacewa suke yi ba. Na yi aiki a wajen wankin kayan wani asibiti, na gani da idona. Idan suka haɗu, kawunan biyu sun rungumi juna, jela biyu sun rage a waje, abin da ya fito kuma ba ya narkewa sosai a ruwa. Wani irin danƙo ne mai ruwan toka, kamar kakin zuma da ya yi datti. Mukan kankare shi a bangon tanki daidai inda ruwa ke tsayawa, in ka murza a yatsa sai ka sa sabulu sau biyu kafin ya fita. Irin wannan in ya hau kan UF ko ya lallaɓa ya wuce, ba alheri ba ne. Sannan ka lura ruwan ba a gauraye yake zuwa kullum ba. Ɗauraya ta ƙarshe ita kaɗai take fita, lokacin omo ya riga ya tafi. In tankin ƙarami ne, akwai sa'ar da mai fozitif ne ke da rinjaye.

Garba_Challawa:
To wannan batun ƙaramin tanki na yarda da shi. Malam Sani, tankinku awa nawa yake riƙe ruwa?

Sani_MaiTace:
Bai fi awa uku ba in ana wanki sosai. Kuma masu goge ƙasa da asuba suke zubar da bokitansu, lokacin tankin ya kusa ƙarewa.

Garba_Challawa:
Ruwa ba ya tsami banza. Bokitan asubar nan su na fi zargi yanzu, fiye da ruwan laushin.

UmmuSudais:
Ni ba injiniya ba ce, gidan wanki da guga nake da shi a Kano, ina bin muhawarar ne don ina tunanin sa irin wannan na'ura. Tambayata daban ce, ku yi haƙuri. Ruwan da aka tace daga wanki, ya halatta a yi alwala da shi?

Abu_Maryam_Zango:
Hajiya, abin da muka karanta a fiƙihu shi ne ana duba launi da ɗanɗano da ƙamshi. Majalisar manyan malaman Saudiyya ma ta yi fatawa a 1978 cewa ruwan datti in an tace shi sosai har ya koma asalinsa, ya tsarkaka. Amma ki kai wa malaminki bayanin irin tacewar da za ki yi, don ba kowace na'ura ke kai ruwa wannan matsayi ba. Mu nan Kumasi wanda na sani wankin mota kawai ake yi da shi.

dalibi_Samaru:
Akwai ma garuruwan da ke shan sa. Windhoek ta Namibiya tun 1968 suke mayar da ruwan da aka yi amfani da shi cikin ruwan sha. Singafo na da NEWater, wato ruwan da aka yi amfani da shi aka sake tacewa, su ma mambiren ne da RO da hasken UV mai kashe ƙwayoyin cuta. Bambancin su da mu shi ne kafin ruwan ya taɓa mambiren, ƙwayoyin halitta sun riga sun cinye yawancin sabulun a tankunan da ake hura wa iska.

Injiniya_Halima:
Wannan magana ta ƙarshe ta ɗalibi ita ce babban giɓin da na gani a tsarin Malam Sani. Daga yashi sai UF sai RO, babu inda ake rage safaktan ɗin kansa. LAS yana ruɓewa da kyau in akwai iska da ƙwayoyin bakteriya, dalilin da ya sa ma aka koma gare shi ke nan a tsakiyar shekarun 1960, bayan wanda ake amfani da shi a da, mai jela mai rassa, ya ƙi ruɓewa ya cika kogunan Turai da Amurka da kumfa. In babu iska kuwa, ba ya ruɓewa da sauƙi. Tankin da ke zaune shiru ba zai yi maka wannan aiki ba.

BabanIkram_PureWater:
Ni fa har yanzu ban janye batun kalsiyam ba. Ku gafarce ni. Ko da ba ɓawo ba ne, ruwa mai nauyi da sabulu ba sa shiri. Kowa ya san yadda sabulu ke guntsewa a ruwan wasu rijiyoyi ya ƙi kumfa, ya bar fari-fari a bokiti.

Injiniya_Halima:
A nan kam kana da gaskiya Baban Ikram, ban musa ba. Kalsiyam caji biyu na fozitif gare shi. Yana iya kama safaktan mai negatif ya mayar da shi gishirin da ba ya narkewa, yana kuma iya zama gada, hannu ɗaya a fatar mambiren, ɗaya a kan datti. Ke nan ko omo zalla ne, wanda a ƙa'ida fatar ya kamata ta ture shi tunda cajinsu ɗaya, in ruwan na da nauyi turewar na raguwa. Kuma a jikin fatar RO komai ya fi taruwa fiye da cikin tanki, saboda ruwa na wucewa yana barin sauran a nan. Za ka auna tanki ka ga kaɗan, alhali a fuskar mambiren ya ninka.

Tijjani_CarWash:
Abin da ya ɗaure mini kai a duk maganar nan: wanda ya zo ya wanke mana mambiren bara, da kostik soda da wani farin gari ya yi, na tambaye shi ya ce SDS ne. Yanzu kuma ku ce safaktan ke toshewa. Wanne za mu kama?

Dr_Bashir_Kimiyya:
Duka biyun gaskiya ne Malam Tijjani, kuma tambayarka ita ce ainihin tambayar da Malam Sani ya buɗe da ita. A lokacin wanki ana ɗaga pH zuwa wajen 12 da kostik soda. A nan fatar foliyamaid ta cika da negatif sosai, SDS ma negatif ne, don haka ba ya samun wurin zama a kanta, sai dai ya kama maiƙon da ke kai ya ɗago shi. Kuma ana zagaya ruwan wankin ne da ƙaramin matsi, ba a tura shi ya ratsa fatar, sannan a ɗauraye. A lokacin aiki kuwa matsi ne ke danna komai a jikin fatar awa bayan awa. Sinadari ɗaya, yanayi biyu.

Wani abin da ba a taɓo ba shi ne marasa caji, irin alkohol etoksilet da ke cikin yawancin sabulun ruwa na injin wanki. Su ba ruwansu da caji, da jela suke kamawa. Mambiren ɗin UF da yawa da PVDF ko PES ake yin su, kuma robobi ne da a asalinsu ba sa son ruwa sosai. Jelar sai ta kwanta a bangon ƙofar ta ciki, ƙofar ta ƙara tsukewa. Abin mamaki, wani lokaci wannan kwanciyar taimako take yi, domin kawunan da ke son ruwa ne ke fuskantar waje, sai maiƙo ya kasa mannewa. Akwai masu jiƙa mambiren da irinsu da gangan kafin su tace ruwa mai mai. Shi ya sa ba na son a ce wa mutum kai tsaye safaktan na toshewa ko ba ya toshewa. Sai an san wane iri ne, nawa ne, wace fata ce, kuma mene ne pH. Sannan ɗalibi, lambar CMC da ka kawo ta SDS ce zalla a ruwa zalla. Gishiri na saukar da ita, marasa caji kuma tasu ƙasa take ƙwarai, don haka ruwan wanki na gaske yakan yi misel tun da wuri.

dalibi_Samaru:
Na karɓi gyara Dakta, na gode.

Mallam_Issoufou_Maradi:
Kada a manta da sanyi. Yanzu hunturu ne. Ruwa in ya yi sanyi yana yin kauri, RO na rasa wajen kashi 3 cikin 100 na fitar ruwa a kan kowane digiri ɗaya da ya sauka. Malam Sani ka auna zafin ruwan, ka gwada da na watan da kake samun 1,000. Wataƙila wani ɓangare na asarar daga nan ne.

Sani_MaiTace:
Na duba littafin da nake rubutawa. Bambancin digiri uku ne zuwa huɗu, don ruwan wankin da ɗuminsa yake zuwa. Ke nan sanyi ya ci wajen kashi goma, saura talatin ba shi ba ne.

Na kuma yi abin da Baban Ikram ya ce. Na zaro mambiren na farko a layin RO ɗin. Babu gari, babu ɓawo. Na ɗiga asid a bakinsa bai yi kumfa ba. Amma yana da santsi kamar an shafa masa man kitso, kuma wallahi ƙamshin ruwan laushin kayan nan ne ke tashi daga jikinsa, irin ƙamshin tawul ɗin otal. Na ƙarshen layin kuwa bai kai shi santsi ba.

Injiniya_Halima:
Wannan alama ce mai ƙarfi. Ɓawon gishiri daga na ƙarshe yake farawa, inda gishiri ya fi taruwa a ruwa. Abin da ke mannewa kuwa na farko yake fara kamawa. Ka daina wankin asid haka nan. In datti na maiƙo ne, asid tun farko na iya ƙara daskarar da shi. A fara da kostik soda a pH 11 zuwa 12, da ɗumi kamar digiri 30, a bar shi ya jiƙu, sannan asid ya biyo baya in da buƙata. Ka duba takardar mambiren ɗinka don ka ga iyakar pH da zafin da zai ɗauka. Kuma don Allah kada wani ya ba ka shawarar zuba bilic. UF na PVDF na jure kilorin, foliyamaid kuwa kilorin cinye shi yake yi, ruwa zai dawo da yawa ka yi murna, ashe gishiri ne ke bin sa.

Garba_Challawa:
Haka ta faru da wani abokin aikina a wata masana'antar fata. Ya ga ruwa ya ƙaru, kwana biyu TDS, wato yawan gishirin da ke narke a ruwan, ya haura, sai da aka sayi sababbi.

Wani abu kuma Malam Sani, kuna sa folima don datti ya kwanta a tankin farko? Yawancinsu fozitif ne su ma, kuma in ya yi yawa yana haɗuwa da maganin hana ɓawo, wanda shi negatif ne, su yi danƙo.

Sani_MaiTace:
A'a, alif kawai muke sawa, shi ma ba kullum ba.

BabanIkram_PureWater:
To na sauka daga kan ɓawo. Amma ka sa tankin gawayi kafin RO. Mu don kilorin muke sa shi, na ji kuma yana kama sabulu.

Dr_Bashir_Kimiyya:
Yana kamawa sosai, sai dai a ruwan wanki zai ƙoshi da wuri, kuma ranar da ya ƙoshi ba zai sanar da kai ba. Dole a riƙa aunawa. Akwai gwajin metilin bulu na masu negatif, amma ba ya nuna masu fozitif, nasu gwajin daban ne. Mafi sauƙi a wurin aiki: ka ɗebi ruwan da ya fito daga gawayi rabin kwalba, ka girgiza, ka ga daƙiƙa nawa kumfa ke yi kafin ta mutu. Ka riƙa rubutawa kullum. Ba awo ne na ƙwarai ba, amma zai nuna maka ranar da abu ya canja.

UmmuSudais:
Ni abin da na fahimta, gara in ware ruwan ɗauraya ta ƙarshe daban tun daga bututu, in bar shi ya tafi lambatu. Ko na yi kuskure?

Mallam_Issoufou_Maradi:
Ba ki yi kuskure ba Hajiya, sai dai akwai asara a ciki. Ruwan ɗaurayar ƙarshe shi ne mafi tsabta a duk wankin, shi aka fi son a maido. Wasu sukan tara shi daban su yi jiƙon farko na wanki mai zuwa da shi ba tare da ya ga mambiren ba.

Tijjani_CarWash:
Amma in mai fozitif ne a ciki, ba zai kashe ƙarfin omo a wanki na gaba ba? Kun ce suna kama juna.

Mallam_Issoufou_Maradi:
Zai ɗan rage, shi ya sa na ce jiƙon farko, ba ainihin wankin ba.

Sani_MaiTace:
Ga inda aka kwana. Jiya na yi wankin kostik soda kamar yadda Hajiya Halima ta ce, na bar shi ya jiƙu cikin dare. Ruwan wankin da ya fito launin shayi ne, da kumfa har bakin tanki. Yau da safe RO ya ba ni 760. Ya ƙaru, amma bai koma yadda yake ba. Na roƙi shugabar masu shara su daina zubar da bokitai a magudanar wanki, ta amince. Batun ruwan laushin kaya kuwa manaja ya ce baƙi sun saba da ƙamshin, ba za a daina ba.

Injiniya_Halima:
Alhamdulillahi da aka samu wannan. Ragowar wataƙila shi ne wanda ya manne da caji, kuma ina tsoron ba zai fita duka ba. A gaba kada ka jira ruwa ya faɗi kashi 40. Da ya sauka kashi 10 bayan ka cire lissafin sanyi, a yi wanki.

Dr_Bashir_Kimiyya:
Ni ban fid da rai ba tukuna. Yanzu da maiƙon ya tafi, a gwada asid a pH wajen 2. A nan cajin fatar na juyawa ya daina zama negatif, riƙon da ya yi wa mai fozitif na iya sassautawa. Wankin asid na farko an yi shi ne a kan maiƙo, bai isa fatar ba.

Garba_Challawa:
Dakta ni na taɓa gwada haka bai yi mini ba. Amma nawa ya daɗe a toshe, wata biyar. Malam Sani in za ka gwada, ka musanya na farko da na ƙarshe ka auna kowanne shi kaɗai, mu ga ko guda ɗaya ne ya mutu. Kuma ka turo mana hoton bayan jarkar maganin goge ƙasar nan, ina so in ga abin da aka rubuta a jikinta.